Haɗa Zare Iri-Iri a Saƙar Hannu: Waiwaye Daga Ƙasar Gumel



Abin da aka nemi in yi magana a kansa shi ne saƙar hannu. To, saƙa kogi ce, ba ta ƙetaruwa a zama ɗaya, saboda haka zan tsaya ga fanni guda, watau yadda masaƙan da suka riƙa haɗa zare iri dabam-dabam a cikin tufa ɗaya domin su sami abin da Bahaushe ke kira jikin tufa. Jikin tufa kuwa shi ne kaurinta, da laushinta ko kaushinta, da nauyinta a kafaɗa, da yadda take zubowa in an yafa ta. Zan tsaya a ƙasar Gumel, wadda a yau ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar a arewacin Jihar Jigawa, daga nan mu hangi Kano da Barno da Nufe, har mu hango Tarabulus.

Dalilin da ya sa na zaɓi wannan fanni shi ne, sau da yawa in ana zancen farfaɗo da sana'o'in gargajiya a ofisoshinmu, sai a ɗauka cewa tufar gargajiya ta ainihi auduga ce zalla, kuma duk abin da aka cusa mata daga baya ɓata ta aka yi. Tarihi bai goyi bayan wannan zato ba. Wanda kuwa ya tsara aiki a kan zato marar tushe, kuɗin jama'a zai kashe a inda ba a nan ciwon yake ba.

Mu fara da ƙasar kanta. Masarautar Gumel ta kafu ne wajen shekarar 1750, kuma Mangawa ne ƙashin bayanta. Ta bi Barno, ba ta shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba ko bayan jihadin 1804, sa'an nan a 1845 aka dawo da gidan sarauta daga Tumbi zuwa garin Gumel. Wannan ya sa ta zama ƙofa tsakanin dauloli biyu masu al'adun tufafi daban. Ta yamma akwai Kano, inda ake ciniki da wuri. Ta gabas akwai Barno, inda siririn fallen saƙar auduga da suke kira gabaga ya daɗe yana zaman kuɗi, ana auna shi a sayi hatsi ko dabba. A arewa kuma ga Damagaram, hanyar ayarin Sahara. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka a Gumel a watan Maris na 1851, zamanin Sarki Ɗan Tanoma, a kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne kasuwar kanwa, wadda fatake ke ɗauka daga nan su yi kudu da ita har ƙasar Nufe. Ina roƙon ku riƙe sunan Nufe, domin ƙasa ce da ta shahara da haɗa auduga da alharini, kuma hanyar da ta kai kanwa can ita ce ke iya dawo da tufa.

Ƙasar Gumel jigawa ce, rairayi ya yi mata yawa, ruwan sama bai kai na kudancin Kano ko na Zazzau ba. Gero da wake sun fi auduga jin daɗinta. Ko birnin Kano, duk da yawan masaƙansa, sai da ya riƙa sayo auduga daga Zazzau da Zamfara, balle ƙasar da ta fi shi ƙarancin ruwa. Masaƙin da audugarsa ba ta wadata ba tilas ya san darajar kowane sili, ya san inda zai sa mai tsada da inda zai sa mai araha.

Haɗin farko, wanda mutane suka fi mantawa da shi, bai bukaci komai daga waje ba. Auduga ɗaya ce, amma hannun mace ya mai da ita abu biyu. Bayan an gurje ta an fitar da angurya, an yi shiɓa, sai mai kaɗi ta ɗauki mazari, ta shafa alli a yatsu. In ta murza sosai, ta ja siriri, ya zama zare, mai ƙarfi, wanda ake yin wadari da shi, shi ne ke miƙe a tsaye cikin masaƙa yana jure jan kunkuru da gugar allira. In kuwa ta sassauta murza, ta bar shi da kauri, ya zama abawa, wadda ake naɗawa a kwarkwaro a sa cikin ƙoshiya, ana jefa ta a kwance. Duk bambancin da ke tsakanin farin da za a kai marina da lurun da za a lulluɓa da shi lokacin hunturu, daga nan ya taso. A saƙar riga da rawani ana cunkusa zaren tsaye, har ya rufe na kwance, tufa ta fito da santsi, ta kuma karɓi bugu. A luru kuwa abawa ce ke hawa bisa, a danne ta da kyau, ta rufe zaren tsaye, tufa ta yi kauri da taushi, ta riƙe ɗumi. Wanda ya fahimci waɗannan ƙa'idoji biyu ya fahimci rabin abin da zai biyo baya, gama su ne ke gaya wa masaƙi inda baƙon zare zai zauna.

Baƙo na farko, in ma za a kira shi baƙo, shi ne tsamiya. Ɗalibai da yawa sun san tsamiya itace, sun san ta a kunu, amma ba su san cewa akwai zare mai wannan suna ba. Wata tsutsa ce, wadda masana kimiyya ke kira Anaphe, take cin ganyen tsamiya da na doka da wasu itatuwa. In lokacin rikiɗarta ya yi, sai tsutsotsi masu yawa su taru su saƙa wa kansu gida ɗaya babba, mai tauri kamar jaka. Wannan gida shi ake tsinkowa, mafi yawa daga dazuzzukan Bauchi da Gombe da Adamawa, a kawo kasuwa. Sai a dafa shi da ruwan toka har danƙon da ya haɗe shi ya narke, a wanke, a shanya, a tsefe, sa'an nan mata su kaɗa shi da mazari kamar auduga. A nan ya bambanta da alharinin ƙasar Sin. Tsutsar Sin kowace tana yin nata ƙwanso, ana kuma iya warware shi a sami sili ɗaya mai tsawon ɗaruruwan mitoci, shi ya sa tufarsa ke ƙyalli kamar ruwa. Gidan tsutsar tsamiya kuwa a cukurkuɗe yake, ba ya warwaruwa, sai dai a kaɗa. Saboda haka zarensa ba ya ƙyalli sosai, yana da 'yan ƙulle-ƙulle, launinsa tsakanin ruwan ƙasa da ruwan toka, ga shi da ƙarfi ƙwarai. Ba ya karɓar rini da sauƙi, don haka galibi akan bar shi da launin da Allah ya ba shi. Yarbawa suna kiransa sanyan, kuma har gobe yana cikin tufafinsu mafiya daraja. Barth ya ambaci rigar tsamiya a cikin tufafin da ya gani a Kano.

To, ina masaƙi zai sa wannan zare mai tsada? Tun da a saƙar riga zaren tsaye ne ke fitowa fili, a nan ake sa shi tun wajen wadari, ko dai gaba ɗaya, ko kuwa a yi masa ratsi da farar auduga, sa'an nan a jefa auduga a kwance inda ido ba ya kaiwa. Mai saye ya ga tsamiya, ya taɓa tsamiya, alhali kusan rabin tufar auduga ce. Kada a ɗauka wannan algus ne. Audugar da ke ɓoye ita ce ke shan gumi, ita ce kuma ke rage tsada har mai matsakaicin hali ya iya saye. Amma aikin yana da wuya. Tsamiya ta fi auduga miƙuwa in an ja ta, ga shi kuwa kunkuru ɗaya ne ke jan su duka. In mai wadari bai daidaita su ba, wani sashe ya yi sako-sako, wani ya ɗaure, falle ya fito a karkace, in aka zo haɗa falle da falle ɗinki ya ƙi tafiya daidai. Bayan wanki kuma auduga takan tsuke fiye da abokiyar zamanta. Sanin yadda za a shawo kan wannan ba a rubuce yake ba, a hannu yake, ɗa ya koya wurin uba. Algus na gaskiya shi ne a rina auduga da ɓawon itace ta yi kama da tsamiya, abin da aka sani sarai a kasuwannin ƙasar Yarbawa. Maganinsa kuwa tsohon gwaji ne: a zare sili a kai shi ga wuta. Tsamiya takan yi ƙaurin gashi ta dunƙule, auduga takan ci da wuta ta bar toka mai laushi.

Baƙo na biyu ya sha tafiya. Shi ne alharini, kalmar da muka aro daga Larabci. Asalinsa ragowar siliki ne daga masana'antun Faransa da Italiya, watau guntattakin da injinansu suka bari. Akan rina shi ja mai ɗaukar ido, a ɗora wa raƙuma daga Tarabulus, su bi ta Gadamus da Gat da ƙasar Azbin, su sauka Damagaram, sa'an nan Kano. Barth ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke sayarwa waje a shekara sun kai na wuri miliyan 300, kuma daga ciki kayan raƙumi 300, na wuri miliyan 60, Tumbutu kaɗai suke tafiya. Ya kuma lura cewa wannan alharini yana shigowa Kano da yawa kowace shekara, kuma mafi yawansa a ƙasar yake tsayawa, ana ƙawata riguna da takalma da shi. Ku duba wannan al'amari da kyau. Abin da Bature ya share daga ƙasan masana'antarsa, shi masaƙin Hausa da na Nufe suka tsefe, aka sake kaɗa shi, aka haɗa shi da farar auduga aka yi barage, aka yi shafin riga wanda ke leƙowa in mai riga ya naɗe hannu a kafaɗa, aka ratsa shi cikin saƙi, tufar nan mai zanen zabuwa. Bayan 1856, sa'ad da Turawa suka fara haɗa rini daga sinadari, irin wanda muke kira garura, jan ya ƙara kaifi kuma ya ƙara araha. Ashe ke nan tun kafin Lugga ya zo, rigar da muke kira ta gargajiya tana ɗauke da auduga daga Zazzau, da baba daga karkarar Kano, da tsamiya daga dajin Bauchi, da siliki daga Turai. Marigayi Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyar da tarihi a Jami'ar Bayero, ya yi bincike mai zurfi a kan wannan ciniki, tun daga kundinsa na 1975 a kan rinannun tufafin ƙasar Kano.

Wannan haɗi yana da ma'ana a zaman jama'a. A Barno da ƙasashen da ke binta, kamar yadda yake a daular Sakkwato, riga kyauta ce ta sarauta. Da ita ake naɗi, da ita ake saka wa wanda ya yi bajinta, da ita ake karɓar manzo. Yawan alharinin da ke jikinta, da irin zaren da aka yi mata aska biyu ko aska takwas da shi, su ke nuna matsayin mai bayarwa da na mai karɓa. Talaka ya sa fari ko bunu. A fada, ido na iya karanta riga tun mai ita bai buɗe baki ba.

Wani zai tambaya, ina ulu? Ga ƙasa mai yawan tumaki, ga kasuwar Maigatari da ke ci ran Alhamis, wadda tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na wannan yanki, me ya hana masaƙa haɗa auduga da ulu? Amsar a jikin tunkiyar take. Uda da balami da 'yar ƙasa duk masu gashi ne, gajere, mai santsi, wanda ba ya kama ɗan'uwansa a mazari. Tumaki masu ulu na Afirka ta Yamma a Masina suke, cikin ƙasar Mali, inda Fulani masaƙa ke yin bargunan nan masu suna kasa. Saboda haka bargon ulu a wurinmu kayan fatauci ne, lurun abawa shi ne namu. Haka nan rama da kaba, duk da yalwarsu a wannan ƙasa, sun tsaya a igiya da tabarma, gama allira ba ta ɗaukarsu kuma fata ba ta son su. Masaƙin da ya gwada abubuwa da yawa, amma bai riƙe komai ba sai abin da ya jure masaƙa, ya jure wanki, ya sami mai saye.

Zuwan Turawa ya juya hanyoyin nan duka. Sarkin Gumel Ahmadu ya karɓi mulkin Ingila a 1903, aka kuma ja iyaka tsakanin Ingila da Faransa, Damagaram ta koma wani gefe. A 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano, a wannan shekara kuma Italiya ta kama Tarabulus. Ayarin Sahara, wanda dama ya raunana, bai sake tashi ba, jan alharini ya yi ta ƙaranci. Turawan Ingila sun zo da burin kwashe auduga zuwa masaƙunsu na Lankashaya, don haka ma suka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga tun 1902. Amma a ƙasar Kano masu sayen auduga don kaɗi da saƙa sun riƙa biyan abin da ya fi farashin Bature, manoma kuma suka ga gyaɗa ta fi riba. Da layin dogo ya miƙa daga Kano zuwa Nguru a 1930, ya ratsa ta Gagarawa, jigawar Gumel ta shiga noman gyaɗa sosai. Jirgin da ya tafi da gyaɗa shi ya dawo da akoko da alawayyo da zaren inji.

Wannan zaren inji shi ne mafarin babban canji, kuma ya ƙara yawa bayan an buɗe masaƙar Kaduna a 1957. Masaƙi ya yi maraba da shi, kuma ba za mu ga laifinsa ba. Ba ya tsinkewa kamar na hannu, kaurinsa ɗaya daga farko har ƙarshe, ba sai an jira mata da yawa sun gama kaɗi kafin masaƙi ɗaya ya zauna ba. Da farko an yi wani haɗi mai kyau, a yi wadari da zaren inji, a jefa abawar hannu, tufa ta sami ƙarfi ta kuma riƙe jikinta. Amma a hankali mata suka ajiye mazari, domin kaɗin yini guda bai kai ribar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ba, daga baya kuma bai kai ta ɗinkin hula ba. Farin da aka yi tsakanin 1972 da 1974 ya ƙara tarwatsa mutanen karkarar arewa, masu sana'a da yawa suka tafi cin rani ba su dawo kan masaƙa ba.

A cikin shekarun 1960 da 1970 wasu sababbin baƙi suka shigo, watau silikin kanti da ake kira reyon, da zare mai ƙyalli irin na Lurex, wanda siririyar leda ce aka shafa wa ƙarfe, daga baya kuma foliyesta. Masaƙan Ilori da Iseyin da matan Okene suka rungume su, kuma da su sana'arsu ta rayu, domin masu biki suna so. Venice Lamb da Judy Holmes, waɗanda suka zagaya Nijeriya suka wallafa littafinsu a kan saƙa a 1980, sun tarar da wannan canji yana tafe. Mutane da yawa sukan ɗora wa waɗannan zarurruka laifin lalacewar saƙa. Ni ban ga haka ba. Wanda kakansa ya saka ragowar silikin Faransa a rigar sarki ba shi da hujjar ƙyamar zare don kawai daga waje ya zo. Aibinsu na aiki ne. Foliyesta ba ta karɓar baba, zare mai ƙyalli ba ya jure mabuga, kuma dukansu ba sa shan gumi. Saƙar Hausa kuwa a ɗaure take da marina da mabuga, shi ya sa ba ta iya cin moriyarsu kamar yadda ta Yarbawa ta ci ba.

Babban rashi a ganina shi ne na mai kaɗi. Zaren hannu ba ya taɓa zama daidai, wani wuri kauri wani wuri siriri, kuma wannan rashin daidaito ne ke sa baba ya kama shi da zurfi daban-daban, haske ya faɗa masa daban-daban, tufa ta yi rai a hannu. Tsamiya ma ba ta zama zare sai ta bi ta mazari. Saboda haka duk shirin da ya raba wa samari masaƙa da zaren kanti, ya manta da tsofaffin matan da suka iya bambanta murzar zare da ta abawa, zai samar da ƙyalle mai zanen da, amma jikinsa na kanti. Kuma masaƙar Kaduna da ta maye gurbin waɗannan mata ita ma ta rufe tun 2002, zaren da ake samu a kasuwa yanzu da yawansa daga waje yake zuwa.

Ga ɗalibai, musamman na Kwalejin Ilimi ta Gumel da jami'o'in jihar nan, akwai aikin da ba ya bukatar kuɗi masu yawa. A gidajen sarauta da na malamai da na tsofaffin fatake akan sami riguna da zannuwa da luru a cikin adaka, wasu asu ya fara ci. In an sami izinin masu su, a auna faɗin kowane falle, a ƙirga falle nawa ne a riga, a duba wane zare ne a tsaye, wane ne a kwance, na hannu ne ko na inji, a rubuta sunan da mutanen gidan ke kiran tufar da shi, da kasuwar da aka ce an sayo ta. Sa'an nan a kwatanta da waɗanda ke ajiye a Gidan Makama a Kano. Haka kuma a nemi matan da suka yi kaɗi da ƙuruciyarsu a ƙauyukan Sule Tankarkar da Gagarawa, a zauna da su da auduga da mazari a hannu, domin abin da za su nuna da yatsu ya fi abin da za su faɗa da baki. Ma'aikatan gandun daji kuma su lura cewa tsutsar tsamiya ba ta rayuwa sai da itacenta, wanda ya sare doka da tsamiya don gawayi ya sare zaren tare da su.